Saniyar da Bobbo Ya Ɗaura a Tasawa

"To wai rijiya kake haƙa mini ko kabarin giwa?" in ji Mamuda, yana tsugune a bakin ramin yana leƙen ƙasa.

"Ja kwandon, Kaɗo, ka rage surutu," Bobbo ya amsa daga ciki. "Ya cika tun ɗazu."

Mamuda ya ja, ya juye jar ƙasa a gefe, ya sake zura igiya. "Ni dai ka gaya mini gaskiya, ɗan Fillo. Rijiyar gona ba ta wuce mutum ɗaya ya shiga ya juya. Kai ka buɗe mata baki kamar kududdufi, ga komi biyu ka sassaƙe ka ajiye. Jakina ɗaya ne tak, shi ma sai an lallashe shi yake shan ruwa."

"Shanu za su zo."

"Shanun wa?"

Sai da diga ta sauka sau uku kafin amsa ta hauro. "Shanun innata."

Mamuda ya san zancen, duk Paki ma an san shi. Can ya ce, "Mutanen da dai sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Wannan gaba tara zai yi," in ji Bobbo. "Ja."

A zamanin nan da Turawa ke mulki, in ka ce Bobbo mai rijiya daga Paki har Kurmin Kogi, kowa ya gane wanda kake nufi. Dogo ne siriri, da tabo a kafaɗar dama, ba ya dariya sai dai ya ɗan motsa leɓe. Abin da ya sa ake tsokanarsa shi ne Bafillace ne amma ba shi da ko maraƙi, sai diga da igiya. Ya iya gane inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa, kuma duk rijiyar da ya haƙa ba ta ƙafewa da bazara. Mamuda, manomin da ya ba shi ɗaki a gidansa, shi kaɗai ne ke iya yi masa ba'a ya amsa.

Asalinsa daga arewa ne, wajen Tasawa, ƙasar da Faransa ta riƙe. Can yana da shanu daidai gwargwado, cikinsu har da wata karsana mai farin goshi da ake kira Wule, wadda innarsa ta bar masa. Jinin wannan karsana ya daɗe a gidansu, daga kaka zuwa uwa, kuma innar da hannunta ta tsaga mata kunne: tsaga biyu a dama, yanke a tsinin hagu.

Fulanin can suna da al'adar da suke kira habbanaye, wato ɗauri. In ɗan'uwanka ya rasa dukiyarsa, sai ka zaɓi karsana mafi soyuwa a gare ka, ka ɗaura mata igiya a gaban dattawa ka miƙa masa. Zai riƙe ta har ta haihu sau uku. 'Ya'yan ukun nasa ne har abada, su da duk abin da suka haifa. Daga nan sai ya komo maka da uwar. Ba a sayar da saniyar ɗauri, ba a yanka ta, ba a taɓa tsagar kunnenta. An ce wanda ya yi haka, garkensa zai watse ko da ya kai dubu.

Sada ɗan ƙanen baban Bobbo ne, ya girme shi da shekara biyar, shi ya sa Bobbo ke kiransa Hamma, wato yaya da Fillanci. A shekarar da fari ya cinye wa Sada shanunsa kaf, Bobbo ya ɗaura masa Wule a gaban Arɗo Gambo, shugaban rugarsu. Sada ya yi kuka ranar, ya ce ko a lahira ba zai manta ba. Wule ta haihu sau ɗaya, ta sake ɗaukar ciki, sai wata safiya aka tashi babu Sada babu saniya. Ya yi kudu, ya shiga ƙasar Ingilishi.

Bobbo bai damu ba da farko, ya ce lokaci bai yi ba. Amma da shekara ta zagayo sai cutar bushiya mai kashe shanu ta shigo ta kwashe nasa shanun ɗaya bayan ɗaya, har ya rataye sandarsa. Daga nan aka kama shi aikin tilas, shekara biyu yana ɗaukar dutse a kan hanyar mota, inda ya samo tabon kafaɗa da kuma sanin haƙa. Da aka sake shi, duk duniya abin da ya rage masa saniya ɗaya ce, ita ma ba ya ganinta.

Ya je gaban kumandan, Baturen Faransa mai mulkin yankin, ya kai ƙara. Tafinta ya saurare shi, aka rubuta wata takarda aka buga mata hatimi, aka ce gaskiyarsa ce, saniya tasa ce. Sannan tafintan ya ce, "Amma mutumin naka ya ƙetare. Hannunmu iyakarsa iyaka." Bobbo ya ɗinke takardar cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya, ya kamo hanya da ƙafa.

Shekara uku yana bin kasuwannin shanu, yana haƙa rijiya yana ci. A kasuwar Paki ya same shi, ranar kasuwa da hantsi. Sada ya yi ƙiba, ya sa riga mai aska, yana zaune kan buzu dillalai na kewaye da shi. Bobbo ya tsuguna, ya ajiye digarsa cike da murna.

"Hamma Sada. Ashe rai kan ga rai."

Sada ya dube shi daga kai har ƙafa, ya dubi diga, ya dubi dillalan. "Wane ne wannan?"

"Ni ne Bobbo, Hamma. Na zo ne saboda Wule."

"Bana mahaukata sun yi yawa," in ji Sada. Ya ɓara goro, ya jefa ɓari ɗaya a ƙasa gaban Bobbo. "Ungo, bawan Allah. Allah ya ba da lafiya."

Aka kwashe da dariya. Bobbo ya ɗauki ɓarin goron, ya hure ƙasar da ke jikinsa, ya cusa shi cikin fatar takardar nan. Tun daga ranar ba saniya kaɗai yake nema ba. So yake ya ga Sada tsugune a ƙasa yadda shi ya tsuguna.

Sai dai Sada ba wawa ba ne. Arewa da Paki akwai wani rafi wanda shi ne iyaka tsakanin ƙasar Zazzau da ƙasar Kano, kuma Sada ya san amfaninsa. Bobbo ya kai ƙara wurin alƙalin wannan gefe, aka rubuta, aka aika da sammaci, aka tarar Sada ya tsallaka da shanunsa. Alƙali ya ce, "Ba ya ƙasata. Mai ƙara shi ke bin wanda yake ƙara." Bobbo ya yi tafiyar yini biyu zuwa wurin alƙalin wancan gefe. Aka rubuta, aka aika, aka tarar Sada ya komo Zazzau. Sau huɗu ana haka. Ya ciro takardar kumandan ya nuna, aka jujjuya ta aka ce, "Wannan hukuncin wata ƙasa ne. Ba ya umartar kowa a nan."

A bakin ɗakin shari'a ne ya haɗu da Malam Zainulabidin, tsohon muhuti wanda ya yi shekara talatin yana rubuta wa alƙalai shari'a har idonsa ya dushe. Rijiyar gidan malamin ta rufta, Bobbo ya gyara masa ya ƙi karɓar komai. Ya ce shi dai a bar shi ya riƙa zama a zaure bayan la'asar. Damina biyu ya yi yana zaman nan, ba ya katse magana, ba ya tambaya sai an gama.

"Kai matsalarka," in ji Malam wata rana, "ka ɗauka gaskiya kaɗai ke cin shari'a. Ai in magana ta haɗa mutanen ƙasa biyu, kafin alƙali ya tambayi wa ke da gaskiya, sai ya tambayi kansa ko shi ne ma mai ikon jin ta. Gona tana bin ƙasar da take kwance. Mutum da dabba suna bin inda aka same su zaune. In sun zauna a ƙasarka, ba wucewa suke yi ba, to hannunka ya kai."

"In hannu ya kai fa, Allah gafarta Malam?"

"Sai a nemi mudun da za a auna da shi. Ba dole ba ne ya zama mudun garin alƙali. Alkawari yana bin inda aka ƙulla shi. In mutum biyu sun ƙulla a Tasawa bisa al'adar Tasawa, alƙalin nan da al'adar Tasawa zai auna musu, muddin ba ta saɓa wa Littafi ba. Taku ba ta saɓa ba, aro ne da kyauta a haɗe."

Bobbo ya yi lissafi a ransa, bai ji daɗi ba. 'Ya'yan Wule uku na farko, biyu mata ne, kuma yawancin garken Sada daga su ya yaɗu. In aka auna da mudun Tasawa, Sada zai ba da tsohuwar saniya da abin da ta haifa daga baya, ya tafi da kashi biyu cikin uku yana dariya.

"Malam, in ya ce bai san wani ɗauri ba fa?"

Malam ya juyo da dusassun idanunsa. "In ya musa a gaban alƙali, sannan shaidu suka tabbatar saniyar taka ce, to ya jefar da mudun da hannunsa. Sai a auna shi da na nan, a matsayin wanda ya riƙe dabbar wani ba da haƙƙi ba. A shari'ar nan kuwa, ɗa yana bin uwa, jika yana bin kaka. Duka za su koma." Ya ja carbinsa. "Amma wane mai hankali ne zai musa abin da ke kare shi?"

"Wanda ya ɗauka akwai abin da ya fi shi kariya."

"Hauzi kake nufi? Cewa abin da ya daɗe a hannun mutum ya zama nasa? Wannan ai sai in mai abin yana nan, yana gani, ya yi shiru. Kai kuwa ka taɓa yin shiru?" Malam ya kama hannunsa. "Bobbo, na ji inda ka nufa. Ɗan'uwanka ne fa."

"Ya ce bai san ni ba, Malam. A gaban mutane ya faɗa."

Daga nan Bobbo ya bar zuwa ɗakin shari'a. Ya koma yana zama kusa da dillalan shanu ranar kasuwa, kai a sunkuye, yana cewa shi ya haƙura. Wai malamai sun gaya masa duk abin da ya wuce shekara goma a hannun mutum ya zama nasa, kuma ɗaurin da aka yi a ƙasar Faransa ba ya aiki a ƙasar Ingilishi. Bai ce wane malami ba. Dillali kuwa ba ya riƙe magana, kafin kasuwa uku ta kai kunnen Sada a ƙetaren rafi. Sannan Bobbo ya je Dandamisa, inda Arɗo Gambo ya yi ƙaura shi ma da tsufansa. Arɗon ya ce Bafillace ba ya kai ɗan'uwansa gaban alƙali, abin kunya ne. Bobbo ya kwance fatar wuyansa ya nuna masa busasshen ɓarin goro, ya ba shi labarin. Tsohon ya daɗe yana kallon goron, ya ce in an kira shi zai faɗi abin da ya gani, ba ƙari ba ragi. Haka ma Iliyasu, wani falken shanu da ya saba sayen bijimai a hannun innar Bobbo.

Abin da ya rage shi ne a sa Sada ya zauna wuri ɗaya. Dalilin rijiyar ke nan.

A shekara ta goma sha uku da ɗaurin, damina ta ɗauke da wuri. Kafin sanyi ya wuce rafin iyaka ya zama rairayi, tafkuna suka tsage. Gonar Mamuda kuwa ga karan dawa a tsaye ba a taɓa ba, domin Bobbo ya roƙe shi kada ya sare, ga rijiya gaba tara tana ba da ruwa kamar ana zuba mata. Mamuda ya aika kasuwa cewa yana neman makiyayin da zai sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, kamar yadda aka saba kowace kaka. Makiyaya uku suka zo, ya ce musu an riga su. Na huɗu Sada ne.

Ya iso da garkensa, da matarsa Sabuwa da 'ya'yansu, aka kafa bukkoki a gefen gona. Da ya ga wanda ke jan guga sai ya yi murmushi.

"A'a, mai rijiya! Ashe kana nan. Cika komin sosai, shanuna ba sa son jira."

"To," in ji Bobbo.

A can bayan garke ya hango Wule. Ta rame, ƙahonta ɗaya ya karye, bakinta ba haƙori, tana tafe a hankali. Farin goshin yana nan. Tsaga biyu a dama, yanke a tsinin hagu. Igiyar guga ta suɓuce daga hannunsa, sai da Mamuda ya tare ta da ƙafa.

Kwana arba'in yana shayar da shanun Sada, safe da yamma, ana kiransa mai rijiya yana amsawa. Mamuda ya ce shi kam da shi ne da tuni ya rotsa wa mutumin nan kai da guga. Bobbo ya ce ba kansa yake so ba. Ran kwana arba'in da ɗaya, da sassafe, dogarai biyu suka iso da sammaci. Ɗaya ya zauna gadin garke, ɗaya ya tasa Sada da tsohuwar saniya zuwa gaban alƙali.

Aka ɗaure Wule a gindin tsamiya a ƙofar ɗakin shari'a. Bobbo ya faɗi ƙararsa a taƙaice: ya ɗaura wa wannan mutum saniya a Tasawa, ya ƙi komo da ita.

"Allah gafarta Malam," in ji Sada, "ni mutumin ƙasar Kano ne. Nan ba wurin shari'ata ba ne."

"Ina ka kwana jiya?" alƙali ya tambaya.

"Gonar Mamuda."

"Shanun fa?"

"Nan suke."

"Tun yaushe?"

Sada ya ce, "Kwana arba'in."

"Da bukka da iyali. Wanda ya kwana arba'in ba mai wucewa ba ne. Kai da shanunka kuna hannuna." Alƙali ya gyara zama. "Yanzu saurara da kyau. Mai ƙara ya ce an yi ɗauri a Tasawa bisa al'adar Fulanin can. In haka ne, da al'adar can zan yi muku hukunci, ko da yake ba ta ƙasar nan ba ce. Ka yarda an yi?"

Bobbo ya kafa ido a kan tabarma.

Sada ya yi 'yar dariya. "Tasawa ai ƙasar Faransa ce, Allah gafarta Malam. Me ya haɗa ni da al'adarsu? Ban san wani ɗauri ba. Saniyata ce, shekara goma sha uku tana hannuna. Duk garken can daga cikinta ya fito, in ka cire bijimi ɗaya da na saya, kuma a hannuna aka haifi kowace. A yi mini da shari'ar nan."

"Ka ce ba a yi ɗauri ba?"

"Ba a yi ba."

Daga bayan jama'a Arɗo Gambo ya yi gyaran murya, ya ce da Fillanci, "Sada, yi hankali." Dogari ya daka masa tsawa. Sada ya waiwaya, ya ga Arɗon, fuskarsa ta ɗan canza. Amma ya riga ya yi nisa, kuma yana ganin shekara goma sha uku sun fi ƙarfin kowane tsoho.

Alƙali ya ce, "Na uku ke nan, ba zan ƙara ba. An yi ko ba a yi ba?"

A nan ne Bobbo zai iya ɗaga kai ya ce, Hamma, ka amsa, 'ya'yanka na shan nonon nan. Kalmar ta zo masa har maƙogwaro. Ya sa hannu ya dafe fatar da ke wuyansa, ya ji tudun goron a ciki, ya haɗiye ta.

"Ba a yi ba," in ji Sada. Muhuti ya rubuta.

Aka kira Iliyasu, ya fita ya duba kunnen saniyar, ya komo ya ce tsagar gidan innar Bobbo ce, ya sayi bijimai masu irinta sun fi goma. Aka kira Arɗo Gambo, ya ce a gabansa aka ɗaura igiyar, kuma shi ya yi addu'a a kai. Alƙali ya leƙa waje ya dubi Wule.

"Sada, wannan saniya ba ta haihuwa, ba ta nono, ba ta da haƙorin cin kara. Kowane makiyayi da tuni ya kai ta wurin mahauta. Me ya hana ka? Me kuma ya sa duk garkenka tsagarka ce, ita kaɗai ka bar mata ta wani gida?"

Arɗon ne ya amsa, a hankali, kamar mai jin nauyin abin. "Allah gafarta Malam, saniyar ɗauri ce. Ba a sayarwa, ba a yankawa, ba a taɓa kunnenta. Tsoron abin yake ji."

"Shekara goma sha uku fa!" Sada ya ɗaga murya. "An ce abin da ya wuce goma—"

"In mai shi yana gani ya yi shiru," in ji alƙali. "Kai, ka yi shiru?"

Bobbo ya farke ɗinkin fatar, ya fito da takardar kumandan, ta yi baƙi da gumi. Aka kira akawun hakimi, ya ce bai iya Faransanci ba amma ya gane shekarar da ke jiki da hatimin. Alƙali ya ce, "Wannan takarda ba ta isa ta umarce ni ba. Amma ta isa ta shaida cewa mutumin nan ya yi kuka tun a can. A littafina kuma sunansa ya fito sau biyu, na san a ƙetare ma haka ne. Ba hauzi a kan wanda bai rufe baki ba."

Sai a lokacin Sada ya ga ramin. Ya zube a kan gwiwoyinsa. "Allah gafarta Malam, an yi! An yi ɗaurin! A yi mana da al'adar can. 'Ya'ya uku nawa ne, da abin da suka haifa. Arɗo, faɗa masa!"

"Sau uku na miƙa maka wannan al'ada, sau uku ka ture," in ji alƙali. "Wanda ya musa tushe ba a sauraronsa a kan reshe. Ka nemi shari'ar nan, ga ta: uwa ta mai ita ce, ɗa yana bin uwa. Bijiminka naka ne."

Da azahar aka raba a gonar Mamuda, ba a sha wahala ba tunda duk garken na nan kewaye da rijiya. Sabuwa na tsaye a bakin bukka da ƙwaryar tatsa a hannu. Mutanen da suka biyo su daga gari sun cika kunyoyin gonar, har da dillalan nan. Sada ya zo ya tsuguna a gaban Bobbo, a cikin taki, da rigarsa mai aska.

"Bobbo. Ƙanena. Ko guda ɗaya, saboda yara."

Bobbo ya daɗe yana kallonsa. Shekara biyar yana hango wannan tsugunon, ya ɗauka zai fi haka daɗi. Ya zazzago ɓarin goron a tafin hannunsa, ya bushe ya yi baƙi kamar tsakuwa, ya jefa shi a ƙasa gaban Sada.

"Ungo naka, Hamma."

Sannan ya shiga cikin garke, ya kamo wata karsana mai farin goshi, jikar Wule, ya ɗaura mata igiya. Ya kira Arɗo Gambo, ya kira Mamuda, ya kira dogarin alƙali, ya ce su matso.

"Ku shaida. A Paki aka ɗaura, ƙasar Zazzau, da rana tsaka. Haihuwa uku, 'ya'yan nasa, uwar tawa. Kuma a bakin rijiyar nan za ta riƙa shan ruwa, in riƙa ganinta." Ya miƙa igiyar. "Karɓi. Ka ce ka san ni."

Sada ya karɓa. "Na san ka," ya ce, can ƙasa.

"Dillalai ba su ji ba."

"Na san ka, Bobbo."

Da jama'a suka watse, Mamuda ya matso yana sosa ƙeya. "Ɗan Fillo, wannan da ka yi tausayi ne ko mugunta? Ni na kasa ganewa."

Bobbo ya nufi inda Wule ke kwance a inuwar kuka, ya tsuguna, ya yi mata kiran da innarsa ke yi mata tana karsana, sau ɗaya, sau biyu. Ba ta ko motsa kunne ba. Can Sada ya yi wa karsanar tsaki yana janta zuwa bukka, sai tsohuwar ta ɗaga kai ta bi shi da kallo, ta yi kuka.

Bobbo ya shafa farin goshin da bayan hannunsa. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Akwai dusa a gida, Kaɗo?"

"Akwai ta jaki."

"Jakin ya haƙura yau. Ba ta iya tauna kara, sai an jiƙa mata."

Ya ɗauki guga ya rataya igiya a kafaɗar da ba ta da tabo, ya nufi rijiya.